Jakar goyo ta tafiyar daji: yadda mace za ta gane wadda ta dace da bayanta

Tambaya: Ina shirin tafiyar ƙasa ta kwana uku cikin duwatsu, a tanti za mu riƙa kwana. Na ari jakar goyon yayana mai lita 65 na gwada ta yini guda, kafin yamma kafaɗuna sun yi tsami, yatsuna suna sagewa, ɗamarar ƙugun kuma sai zamewa take yi. Tsawona santimita 158 ne, nauyina kilo 60. Jakunkunan da ake cewa na mata da gaske sun bambanta, ko launi kawai aka sauya? Kuma mai lita nawa ya kamata in saya?

Amsa: 'Yar'uwa, abubuwan nan uku da kika lissafa tushensu ɗaya ne: jakar ta fi bayanki tsawo. Maganar lita tana nan tafe, amma ba ita ce farko ba, domin lita tana faɗa miki yawan kayan da jaka za ta ci ne kawai, ba ta faɗa miki ko za ta zauna a jikinki.

Babbar jakar tafiya ba don kafaɗa aka yi ta ba. A cikin bayanta akwai firam, wato sandunan alminiyam ko waya mai ƙarfi haɗe da faifan roba, kuma aikinsa shi ne ya kwashe nauyin kayan ya sauke shi a kan ɗamarar da ke kewaye ƙugu. Idan komai ya zauna daidai, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin yana kan ƙashin ƙugu ne, ƙafafu su ɗauka. Maratayan kafaɗa aikinsu kawai su hana jakar kifewa ta baya. To idan tazarar da ke tsakanin ɗamara da maratayan ta fi ta jikinki, ɗayan biyu zai faru. Ko ki ɗaura ɗamara a inda ya dace maratayan su tashi sama su bar kafaɗa a fili, jakar ta riƙa lilo. Ko ki ja maratayan su kwanta a kafaɗa, ɗamarar ta sauka ƙasa da ƙashin ƙugu ta zauna a kan mazaunai, inda ba ta da abin kamawa. Na biyun ne ya same ki. Ɗamara ta zame, kaya suka koma kafaɗa, maratayan suka danne jijiyoyin da ke bi ta gindin wuya zuwa hannu, yatsu suka sage.

Saboda haka awon farko shi ne tsawon baya, ba tsawon mutum ba. Mata biyu masu tsawo ɗaya za su iya bambanta da santimita biyar ko fiye a nan, don wata ƙafafunta ne dogaye, wata kuma gangar jikinta. Ba ki iya yin awon ke kaɗai, sai kin samu mai riƙe miki tef ɗin tela. Ki tsaya ki sunkuyar da kai, ki shafa bayan wuyanki zuwa ƙasa har ki ji wani ƙashi da ya fi saura fitowa a daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗu. Shi ne ƙashi na bakwai na wuya, kuma daga nan awo yake farawa. Sai ki ɗago kai ki miƙe. Ki ɗora hannuwa a ƙugu, ki bi haƙarƙari zuwa ƙasa har ki dira kan saman ƙashin ƙugu, wanda yake kamar bakin kwano a gefe da gefe, manyan yatsu suna kallon juna ta baya. Layin da zai haɗa manyan yatsun nan shi ne ƙarshen awo. Mai auna miki ta bi lanƙwasar ƙashin baya da tef ɗin, kada ta miƙe shi a iska. Ku maimaita sau biyu ko uku, don kuskuren santimita biyu abu ne mai sauƙi, musamman idan an ɗora yatsu a kan tsoka maimakon ƙashi. Yawancin mata kan faɗa tsakanin santimita 35 da 46. Idan takardar awon kamfani da inci aka rubuta ta, inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Awo na biyu shi ne kewayen ƙugu a daidai saman ƙashin nan da kika gano, ba inda siket ko wando yake zama ba. Lambar wandonki ba ta da amfani a nan. Kuma ki sani ƙarami da matsakaici na wannan kamfani ba su ne na wancan ba, lambar santimita za ki bi, ba harafin da aka liƙa ba.

Game da ko na mata sun bambanta: a kamfanonin da suka san aikinsu, ƙwarai kuwa. Bayan jakar ya fi gajarta. Maratayan kafaɗa an ɗinke su kusa da juna daga sama, don kafaɗar mace galibi ba ta kai ta namiji faɗi ba, kuma idan maratayan sun yi nisa da juna sai su riƙa zamewa gefe suna cin hammata. An kuma lanƙwasa su sau biyu, su kauce wa wuya daga sama, sannan su kewaye ƙirji ta gefe maimakon su bi ta kansa su danne. Ɗamarar ƙugu ita ce babban bambanci: ta maza kusan a miƙe take kamar bel, ta mata kuwa an yanka ta da buɗewa ta ƙasa, kamar bakin mazurari a kife, domin ƙugun mace yana faɗaɗa daga sama zuwa ƙasa. Miƙaƙƙiyar ɗamara a kan ƙugu mai faɗi gefenta na ƙasa kaɗai ke taɓa jiki, na sama ya buɗe baki, duk nauyin ya taru a siririn layi guda. Kamfanin Deuter yana sa haruffan SL a kan nasa na mata, Lowe Alpine yana sa ND, Osprey kuwa suna daban yake ba su: Aura ta mata ita ce takwarar Atmos ta maza, Ariel takwarar Aether, Tempest takwarar Talon. A wajen Gregory, Deva ce takwarar Baltoro. Akwai kuma masu sauya launi kawai su rubuta "ta mata". Gane su ba wuya: ki ajiye jakar kusa da ta maza mai lita ɗaya, ki dubi yankan ɗamarar da lanƙwasar maratayan. Idan iri ɗaya ne, fenti kika gani.

Sai dai rubutun ba umarni ba ne. Mace mai faɗin kafaɗa, ko mai dogon baya, ko wadda ƙugunta bai buɗe sosai ba, sau da yawa ta maza ce za ta zauna mata, kamar yadda wasu maza sirara suke komawa ta mata. Mai babban ƙugu da gajeren baya kuwa ta nemi jakar da ake cire ɗamararta a sauya, ko wadda soson ɗamarar ke janyuwa ya ƙara tsawo, don in ta bi girman ƙugu ta sayi babbar jaka, bayan zai yi mata tsawo, ta koma gidan jiya.

Yanzu lita. Yawon yini ɗaya, lita 15 zuwa 30 sun isa. Kwana biyu zuwa uku da tanti, 40 zuwa 55. Mako guda ko wurin sanyi mai tsanani, 55 zuwa 70. Amma maimakon ƙiyasi, ki tara duk abin da za ki ɗauka, tanti, buhun barci, tabarmar soso, tufafi, abinci, tukunya da ƙaramin murhu, ki danna su cikin kwali. Ki auna tsawon kwalin da faɗinsa da tsayin da kayan suka kai da santimita, ki ninka ukun, ki raba da 1,000. Kwali mai santimita 40 da 35 wanda kaya suka kai 35 a cikinsa ya ba da lita 49. Wannan ita ce lambarki, sai ki ƙara lita biyar na sarari. Idan kika ga an rubuta 45+10, ana nufin wuyan jakar yana ɗagawa ya ƙara lita goma, kuma ƙarin nan a sama yake zama, inda ya fi rinjayar mutum, don haka kada ki lissafa shi cikin na kullum. Lita 65 ta yi miki yawa a kwana uku, kuma sharrin babbar jaka shi ne duk gurbin da ya rage sai an samu abin cusawa.

Nauyi ya fi lita muhimmanci. Ƙa'idar da masu tafiya suka saba bi ita ce kada jaka da kayanta su wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin jiki, a yawon yini kuwa kashi 10. Ke mai kilo 60, iyakarki wajen kilo 12 ke nan, kuma cikin sha biyun nan har da jakar kanta. Jaka mai firam ta lita 50 kan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu tun babu komai a ciki. Litar ruwa kilo ɗaya ce cur. Idan kin ɗauki lita biyu, abin da ya rage wa tanti da abinci da komai kilo takwas ne. Wannan lissafi ne ke sa wasu su ruga wajen jakunkuna marasa nauyi, waɗanda ba su kai kilo ɗaya ba. Suna da kyau ga wadda duk kayanta ba su wuce kilo takwas ko tara ba. Da zarar an wuce haka, siririn firam ɗin ya lanƙwashe, ɗamarar ta naɗe, kaya su dawo kafaɗa. Rabin kilo da aka ƙara a firam da soso mai ƙarfi yana sa kilo 12 su fi sauƙin ɗauka fiye da kilo 11 a jakar da ba ta da ƙashi. Kamfanoni da yawa suna rubuta iyakar nauyin da jaka ke ɗauka, ki duba.

Gwaji shi ne inda ake yanke hukunci, kuma jakar da babu komai a ciki kowacce daɗi gare ta. Ki sa a zuba mata kilo takwas zuwa goma, da buhunan yashi ko gorunan ruwa da aka naɗe da tufafi don kada su taru a gindi. Ki je da rigar da za ki yi tafiya da ita, da rigar maman da za ki sa. Ki sassauta kowace igiya kafin ki goya. Ki kama hannun da ke saman jakar ki ɗora ta a cinya, ki zura hannu ɗaya, ki juyo da ita baya, ki zura ɗayan. Fisgo ta daga ƙasa da maratayi ɗaya yana tsinka ɗinki, yana kuma murɗe kwankwaso.

Ɗamara ake fara ɗaurewa, koyaushe. Ki ɗan duƙa, ki ɗaga jakar da kafaɗu har tsakiyar soson ɗamara ya hau kan saman ƙashin ƙugu, gefensa na sama ya ɗara ƙashin da santimita biyu ko uku. Ki maƙala maɓallin ki ja har ta kama sosai, amma numfashi bai takura ba. Ki duba gaba: soson ya rufe ƙasusuwan nan biyu masu tsini da ke gaban ƙugu, kuma tsakanin bakin soso na dama da na hagu a samu tazarar santimita 8 zuwa 15. Idan bakunan sun kusa haɗuwa, ɗamarar ta yi miki yawa, kuma ranar da kika cire rigar sanyi ko kika ɗan rame a tafiya, babu sauran abin ja. Idan soson ya ƙare tun kafin ya kai ƙasusuwan, zallar igiya ce za ta riƙa yankar ki. A wannan matakin, kafin ki taɓa komai, ya kamata ki ji nauyin ya sauka ƙafafu.

Sannan maratayan kafaɗa: ki ja igiyoyinsu ƙasa da baya har su kwanta, ba har su ɗauke kayan daga ƙugu ba. Ki tsaya gefe a gaban madubi. Maratayi ya bi kafaɗa ya kewaye ta babu gurbi, kuma inda ya haɗu da jikin jakar ya kasance santimita uku zuwa biyar ƙasa da saman kafaɗa. In kin ga haske tsakanin maratayi da kafaɗa, jaka ta yi tsawo. In mahaɗin ya sauka can tsakiyar allon kafaɗa, ta yi gajarta. Soson maratayin ya wuce hammata da kamar faɗin tafin hannu kafin igiya ta karɓa.

A saman kowace kafaɗa akwai wata 'yar igiya da ta tashi daga maratayi zuwa kan firam. Mutane da yawa ba su san aikinta ba, wasu kuma suna jan ta har iya ƙarfi. Aikinta ta janyo saman jakar kusa da jiki. Idan tsawon ya dace, za ta tashi sama a karkace, wajen digiri 45, ko da yake daga 30 zuwa 60 duk ba laifi. Idan ta kwanta a miƙe ko ta gangara ƙasa, firam ɗin ya yi miki gajarta kuma igiyar ba ta aikin komai. Idan ta miƙe tsaye kamar sanda, ya yi tsawo. A ja ta kaɗan kawai. In an matsa, maratayin zai tashi daga bayan kafaɗa ya soki gabanta.

Na ƙarshe maɗaurin ƙirji, kuma a nan mata suka fi shan wahala, domin a jakar maza sau da yawa yana faɗowa daidai kan mama. Yana zamewa sama da ƙasa a kan maratayan, ki ɗaga shi ya zauna santimita biyu zuwa uku ƙasa da ƙasusuwan nan biyu da ke kwance a gindin wuya. Aikinsa ya hana maratayan buɗewa, ba ya ɗaukar nauyi. Idan kika ga gefen maratayan ya murɗe ciki, kin ja da yawa. Mai cikar ƙirji ta tabbatar maɗaurin yana hawa sama sosai, don a wasu jakunkunan hanyar zamewarsa gajera ce, tana ƙarewa tun bai kai inda ake so ba.

Daga nan ki yi tafiya da ita minti 15 zuwa 20, ba biyu ba. Ki hau bene ki sauko. Ki duƙa kamar za ki ɗaure takalmi. Ki ɗaga kai ki kalli sama: idan ƙeyarki ta bugi murfin jakar ko firam, a hawan dutse za ki yini kina kallon ƙasa, kuma mai tara gashi a ƙeya ta gwada da gashin a yadda za ta ɗaure shi. Ki kaɗa hannuwa gaba da baya ki ji ko cikin damtse yana gogar maratayi ko aljihun gefe. Abin da ya ɗan taɓa ki a minti goma, a awa shida gyambo ne.

Kowane ciwo yana nuna inda matsalar take. Sagewar yatsu, nauyi ne a kafaɗa ko maratayi mai matsewa. Sagewa ko zafi kamar ƙuna a gefen cinya ta waje, ɗamara ce ta sauka ƙasa ta danne wata jijiya da ke wucewa kusa da ƙashin gaban ƙugu: a ɗaga ta, a ɗan sassauta. Ƙujewa ko tabo a kan ƙasusuwan gaba, ko soson ya yi laushi ya lotsa, ko akwai bel, maɓallin wando ko kaurin ɗinki a ƙarƙashinsa, shi ya sa wando mai lallausan ƙugu ya fi. Gogewa a gefen wuya, maratayan sun yi kusa da juna. Zamewarsu gefe, sun yi nisa. Jin ana jan ki ta baya, ko igiyoyin saman kafaɗa sun saki, ko an loda kaya masu nauyi nesa da baya. Akwai kuma wanda ba laifin jaka ba ne sam: ƙarfen daidaita igiyar rigar mama idan ya faɗo ƙarƙashin maratayi, ko maɓallinta na baya idan firam ya danne shi, suna huda fata a hankali. Rigar mama ta motsa jiki mai faffaɗan hannu, marar ƙarfe, marar maɓalli a baya, tana kawar da wannan gaba ɗaya.

Bayan jakar iri biyu ne. Akwai mai raga a ɗame wadda ke nisanta jakar da fata don iska ta ratsa. Tana rage gumi sosai, amma tana tura kayan baya da 'yan santimita, kuma lanƙwasar firam ɗin tana cin wurin kaya. Akwai mai soso da ramuka wadda ke manne da baya, ta fi zafi amma ta fi tsayuwa a hanya mai gargada da duwatsu. Ga mai ƙaramin jiki da kaya masu nauyi, ta biyun ta fi ba da natsuwa. A wuri mai zafi da hanya shimfiɗaɗɗiya, ta farkon. Ki fi son wadda ake daidaita tsawon bayanta, ko da Velcro, wato maƙalin yadi da ake mannawa a ɓare, ko da jerin madaukai kamar tsani, musamman idan awonki ya faɗa tsakanin girma biyu. Sai dai daidaitawar tana da iyaka, ba ta mayar da babban firam ƙarami.

Sauran abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Kaurin zaren yadi ana nuna shi da lamba da harafin D: 100 zuwa 210 a jiki ya wadatar, gindi kuwa, da yake shi ke shan ƙasa, 420 ya fi. Aljihun ɗamara ya ci wayarki. Aljihun gefe ki iya zaro gorar ruwa ba tare da kin sauke jaka ba, ki gwada wannan tun a wurin saye. Yawancin jakunkuna ruwa yana shiga ta ɗinki da zif, kuma marufin ruwan sama da ake yafa musu ba ya kare ɓangaren da ke manne da baya. Babbar leda mai kauri da za ki shimfiɗa a ciki ki murɗe bakinta ita ce ke tsare buhun barci.

Jaka mai kyau ma loda kaya barkatai yana ɓata ta. Buhun barci da kayan dare a gindi. Masu nauyi, wato ruwa, abinci, tukunya, a manne da ƙashin baya tsakanin allon kafaɗa da ƙugu, a tokare su da tufafi ta waje don kada su motsa. Rigar ruwa, tocila da kayan agajin gaggawa a sama. Dama da hagu su yi daidai, a ja igiyoyin gefe su matse komai. Abin da aka rataya a waje yana lilo yana cin ƙarfi fiye da nauyinsa.

Idan ta intanet za ki saya, ki tabbatar ana karɓar mayarwa, kada ki cire takardun da ke jiki, ki loda ta ki yi duk gwajin nan a gida. Kafin ma ki kashe kuɗi, ki juya jakar yayanki ki leƙa bayan maratayan. Idan irin mai daidaituwa ce, ki sauke ta zuwa awonki ki sake gwadawa da kilo goma. Wataƙila tsawon ya gyaru, amma ki sa ido kan ɗamarar, don miƙaƙƙen yanka ba ya gyaruwa da ja. In ba ta zauna ba, ki nemi ta mata mai lita 45 zuwa 50 a girman da awonki ya nuna, ki yi mata fita biyu ko uku na awa biyu-biyu da cikakken kaya kafin ranar tafiya. A hanya kuma, bayan minti goma sha biyar na farko soso yana lotsawa, tufafi suna kwantawa, sai ki tsaya ki ƙara jan ɗamarar. In kafaɗa ta gaji, ki sassauta maratayan kaɗan ƙugu ya karɓa. In ƙugu ya gaji, ki yi akasin haka na ɗan lokaci. A gangara ki matse komai don kada jakar ta riƙa tura ki gaba. Sagewar yatsu kuwa ya kamata ta wuce cikin 'yan mintuna bayan kin sauke kaya. Idan ta kwana, ko hannun ya rasa ƙarfin riƙe abu, ki ga likita kafin ki sake goya jaka.